Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gardamar Kainji

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga bakin ƙofa aka mayar da ni ofishin rajista, inda ake rubuta sunan duk wanda aka kawo gidan yari da takardar kotun da ta rako shi. A kan wannan kujera nake lokacin da aka shiga ce-ce-ku-ce kan inda za a tsare waɗanda ake zargi da shiga Boko Haram, da inda za a yi musu shari'a.

Mu gandirobobi ba ma son a kawo mana su, kuma ba mu taɓa ɓoye dalili ba. Tun da aka fasa gidan yarin Bauchi a watan Satumban 2010, fursunoni sama da 700 suka tsere, kowannenmu ya san cewa katangar da aka gina domin ɓarayin awaki ba za ta tare mai bam ba. Barikin Giwa na Maiduguri ma, da sojojinsa da komai, sai da aka far masa a watan Maris na 2014. Mutanen gari su ma gudu suke yi, domin a 2015 da aka kai wasu gidan yarin Ekwulobia a jihar Anambra, rufe kasuwanni aka yi aka fito zanga-zanga.

Saboda haka a 2017, da ofishin Ministan Shari'a Abubakar Malami ya sanar cewa mutum 1,669 da ke tsare a barikin Wawa da ke Kainji a jihar Neja a can za a saurare su, alƙalai huɗu na Babbar Kotun Tarayya za su je su same su, sai na ji sanyi a raina. Ɗan yayata, wanda lauya ne, shi ya hana ni sakat ranar wani suna a gidanmu.

Ya ce, “Kawu, tsarewa daban, shari'a daban. Wanda aka kama a Bama, mai shaidarsa yana Bama ko yana sansanin 'yan gudun hijira, wa zai biya masa kuɗin mota har jihar Neja? Idan babu shaida, me ya rage a gaban alƙali in ba takardar amsa laifi ba?” Ya tuna mini da Kabiru Sokoto, ɗan Boko Haram ɗin nan wanda aka yi wa shari'a a Abuja a bainar jama'a, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Disamban 2013. Na ce masa, “Ɗana, wannan mutum ɗaya ne, kuma kada ka manta sai da ya kuɓuce wa 'yan sanda a 2012 kafin a sake kama shi.”

Zaman farko a watan Oktoban 2017 ba a bar 'yan jarida sun shiga ba. An ɗaure mutum 45, aka sallami 468, kuma adadi na biyun nan shi ya tsaya mini a rai, domin mai riƙe da rajista ya san yadda shekaru ke cin mai jiran shari'a. A wajejen lokacin wata dattijuwa daga Borno ta riƙa zuwa tagata da hoton ɗanta a naɗe cikin leda, Hausarta ba ta nuna sosai ba, tana roƙon in duba mata littafi. Sunansa ba ya ciki, kuma ko da Kainji aka kai shi, ba wurin da tsohuwa za ta ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe mata ba ne.

Harin gidan yarin Kuje da ke Abuja na watan Yulin 2022 ya tabbatar da tsoronmu, don haka har gobe ba na goyon bayan a zuba irin waɗannan tsararru a gidan yarin gari. Amma a kan maganar shaidu, yaron nan ya fi ni gaskiya, kuma da ni ake tambaya, da alƙalan sun zauna kusa da garuruwan da aka kamo mutanen.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin canjin wurin aiki da ya riske ni ana saura kaɗan in yi ritaya.