Gishirin da Inna ta ce sai awaki

Laraba, bayan sallar isha'i.

Har yanzu hannuna ƙaurin gawayi yake yi, ga wani baƙin tabo a gefen hijabina da ban san lokacin da ya hau ba. Barci nake ji, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Mako uku ke nan ina cika wa 'yan SS1 allo da bayanin yanayin abubuwa da hanyoyin raba gauraye, suna kwafa kamar masu biyan bashi. Shi ya sa na yi musu alkawarin yau za mu yi da hannu. Ɗakin gwaji muna da shi, har da suna a saman ƙofa. Abin da ke ciki dai mazurari biyu ne, da ma'aunin zafi guda, da kwalabe masu tsagu, da ƙura. Gas kuwa tun kafin a kawo ni makarantar ya ƙare. Don haka kayan aikina daga gida suka fito: rairayin ƙofar gida, gishiri rabin gwangwani, ƙanƙara a fulas, kurfoti da gawayi, tsohon farin ɗankwali, da mayen ƙarfe da na ɓalle daga wata matacciyar sifika. Jiya maigida ya biya ta Maƙerar Assada, wani maƙeri ya sharo masa garin ƙarfen da magagari ke zubarwa, ya ƙulle a takarda, ya ce ba ya karɓar kuɗin shara.

Da na fito tsakar gida da safe, hazo ya rufe gari, Inna na zaune a kujera 'yar tsugune tana regen shinkafa. Na tsaya kallonta fiye da yadda na saba. Ƙwarya biyu, ruwa, sai ta riƙa kaɗa hannu a hankali, shinkafar na tsallakawa ɗaya ƙwaryar kaɗan-kaɗan, tsakuwa na kwanciya a ƙasa. Ko kallon hannun ba ta yi, ledar da ke hannuna take kallo.

"Mi za ki yi da ƙasa cikin leda?"

Na ce zan garwaya ta da gishiri da garin ƙarfe, in koya wa yara yadda ake raba su.

"Ki garwaye da hannunki, ki koma kina rabawa? Kai, boko bai rasa aiki."

Na yi dariya na fita. Mai agwagwa da buje ya ƙara mini naira ɗari saboda kurfoti, wai kaya ne.

A darasin farko muka fito bakin baranda, na hura wuta, na zuba ƙanƙara a ƙaramar tukunya. Kowa ta san abin da zai faru, ba wadda ba ta taɓa dafa ruwan shayi ba. Abin da nake so su gani shi ne abu guda ne yake sauya kama: daskararre, ya koma ruwa, ya koma tururi, ba a ƙara masa komai ba sai zafi. Na ce su ɗauka ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ruwan su ne su kansu. A ƙanƙara suna nan kamar layin asambali, kowa a gurbinta, sai ɗan mutsu-mutsu. A ruwa kamar mata a gidan biki, ana gogar juna ana zagayawa amma ba a bar gidan ba. A tururi kuwa kamar an kaɗa ƙararrawar tashi, kowa ta kama gabanta. Shi ya sa dutse ke riƙe siffarsa, ruwa ke ɗaukar siffar abin da aka zuba shi, turaren wuta kuma in an sa a ɗaki ɗaya sai ya gama gida.

Monita ce ta riƙe ma'aunin zafi. Yana cikin ƙanƙara mai narkewa ya tsaya wajen digiri 0, ya ƙi motsi har sai da ƙanƙarar ta ƙare, sannan ya fara hawa. Da ruwa ya tafasa ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Malama, 99 ne. Littafi 100 ya ce." Wata daga baya ta ce to ɗaya na ƙarya cikinsu. Na ji daɗin wannan gardama fiye da duk wata amsa da aka ba ni a zangon nan. Na ce 100 ɗin littafi na wanda ke daidai da bakin teku ne. Mu a Sakkwato mun ɗara teku tudu da kusan mita 300, iskar da ke danne saman ruwa ta ɗan fi sauƙi, don haka yana tafasa tun bai cika 100 ba. Na kuma amsa musu cewa ma'aunin namu ma tsoho ne, ba zan rantse a kansa ba. Na sa ta ƙara fifita wutar. Ruwa ya ƙara haukar tafasa, lambar ba ta gusa ba, domin duk zafin da ake ƙarawa yana tafiya ne wajen ɓalle ƙwayoyin daga juna.

Daga nan misalai suka yi ta zuwa daga bakinsu. Man kaɗanya da ke sandarewa yanzu da hunturu, ya zama ruwa da bazara. Randa da ke sanyaya ruwa saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska da zafin. Tukunyar gas da in ka girgiza za ka ji ruwa na motsi ciki, don matsi ne ya mayar da iskar ruwa. Na fito da kafur na tambaye su ina yake tafiya idan aka sa shi a akwatin kaya, tunda yana ƙanƙancewa har ya ɓace amma bai taɓa jiƙa zane ba. Aka yi shiru. Na ce shi tsallake matakin ruwa yake yi, daga daskararre sai iska, warin da suke ji a kayan sallah shi ne kafur ɗin da kansa.

Inda na sha wuya shi ne kalmar narke. Ban taɓa lura da ita ba sai yau. Na ce ƙanƙara ta narke. Can an jima na zuba gishiri a kofin ruwa na juya, na ce gishiri ya narke. Sai wata ta ɗaga hannu ta ce, ashe gishiri ma a 0 yake narkewa? Na buɗe baki na rufe. Laifin ba nata ba ne. A Hausa kalma ɗaya muke yi wa abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Ƙanƙara zafi ne ya sassauta ta, ita kaɗai, ba da taimakon wani abu ba. Gishiri kuwa ruwa ne ya shiga tsakanin ƙwayoyinsa ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya ɓoye a cikinsa. In kana so gishiri ya narke irin narkewar ƙanƙara, sai ka kai shi digiri 801. Masu ƙera tukwane suna narka gwangwanayen alminiyam a 660. Ƙarfe sai ya wuce 1500, shi ya sa maƙeri ja kawai yake sa shi ya yi, ya yi laushi, ya daka. Muka yi yarjejeniya a ajin nan cewa daga yau za mu riƙa cewa narkewar wuta da narkewar ruwa. Ba kalmomin littafi ba ne, amma sun raba mana gardama.

Bayan tara aka shiga babban aikin. Na raba su gida shida, na ba kowane gida cokali uku na haɗin rairayi da gishiri da garin ƙarfe, na ce ina son kowanne daban. Ban faɗi da me za a fara ba, da gangan. Gida na biyu ko shawara ba su yi ba suka antaya ruwa. Nan take abu ya zama taɓo, mayen ƙarfe ya fito da laka a jikinsa, suka koma zargin juna. Sauran suka ga abin da ya faru suka ja da baya. Sai da na tambaya: wane hali ne ƙarfe ke da shi wanda rairayi da gishiri ba su da shi? Sannan aka fara da maye tun haɗin yana bushe. Na nuna musu a sa shi cikin leda tukuna, in an zare shi garin ƙarfen ya zube da kansa. Yadda baƙin garin ke miƙewa tsaye kamar gashi ya sa har masu gyangyaɗi suka matso.

Akwai wata yarinya a bencin ƙarshe, daga wajen Dundaye take zuwa, tun farkon zango ban ji muryarta ba sai wajen amsa suna. Da aka zuba ruwa gishiri ya shige, rairayi ya kwanta, na ga ta karɓi kwanon ta karkata shi a hankali, tana tsiyaye ruwan sama ba tare da ta tayar da na ƙasa ba. Hannunta ya fi nawa iyawa. Na ce wa ya koya mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ai haka muka yi ma gasara. In ta kwanta sai a tsiyaye."

Na ajiye littafin darasi. Na ce kowa ta faɗo mini aikin gida da ake raba wani abu da wani. Allo bai ishe mu ba. Sheƙa, inda iska ke kwashe ƙaiƙayi ta bar gero saboda ya fi nauyi. Bakace da faifai bayan surfe, dusa ta fita. Tankaɗe da rariya, gari ya wuce tsaki ya tsaya, girman ƙwaya ke nan. Tsintar wake. Rege. Tace ƙullun koko. Ruwan toka da ake ɗigarwa don miya. Matsar man gyaɗa daga tunkuza. Kaɗa nono a fitar da man shanu. Alam da ake jefawa a ruwan gulbi laka ta dunƙule ta kwanta. A kan kowanne na tsaya na tambaye su bambancin da aka dogara da shi: nauyi ne, ko girma, ko narkewar ruwa? Nan suka fi ni baki. Harshen da ya gaza ni da safe a kan narke, ga shi yanzu ya zubo kalmomi goma, kowace da aikinta daban, wasu ma ban ga takwararsu a littafinmu ba.

Muka tace ruwan gishirin da ɗankwali, muka ɗora a wuta. Na gaya musu ruwa ba ya ɗaukar gishiri ba iyaka, giram 100 na ruwa kusan giram 36 yake iya sha, abin da ya ƙaru sai ya kwanta. Ruwa na ƙafewa, gishiri ya fara fitowa a gefen tukunya yana tartsatsi. Sai dai ba fari ya fito ba. Jan ƙasar garin nan ya fi ramukan ɗankwalina ƙanƙanta, ya bi ruwa ya wuce. Da takardar tacewa ta gaske ce da ba haka ba. Na 'yan gida na biyu ya fi na kowa duhu.

Monita ta ce, to in ruwan ake so ba gishirin ba fa? Na kifa murfi mai sanyi a kan tururin, ɗigo ya taru, na sa ta ɗanɗana. Ba gishiri ko kaɗan. Na ce da wannan dabarar ta tafasawa da sanyayawa ake raba ɗanyen mai, tunda fetur da kananzir da man gas kowanne da zafin da yake tashi, ko a matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, ko a ta Dangote da ke Legas. Wannan kam babu shi a madafin Inna.

Saura minti bakwai na gwada raba launukan tawada. Na ɗiga baƙar maka a jikin alli na tsayar da shi a ɗan ruwa. Ta farko ta ƙi motsi, ashe irin wadda ba ta wankuwa ce. Wata ta ba ni tata makar ta yin zane, sai ga baƙi yana hawa yana rabuwa, shuɗi a sama, ja-ja a ƙasa. Na faɗa musu wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya raɗa wa hanyar suna a 1906, kuma da garin sinadari irin na farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina don siminti ya raba launukan ganye. Ban tabbata sun ji ba, idonsu na kan alli.

Sannan na yi abin da dole in yi. Na koma allo, gefen kowace kalmar Hausa na rubuta sunanta na Turanci, domin da su WAEC da NECO za su tambaye su. Ina rubutu ina jin ajin yana mutuwa a bayana. Yarinyar Dundaye ta koma bencinta ta buɗe littafi, tana kwafar harafi ɗaya-ɗaya tana kallon allo. Wadda ta fi kowa iya tsiyaya a ajin nan tana iya faɗuwa tambayar tsiyaya saboda ba ta gane sunan ba. Abin ya tsaya mini a rai har na hau hanya.

Na iso gida bayan la'asar da kurfoti da ƙullin gishirinmu a takarda. Na shimfiɗa wa Inna a faifai, na ce ga abin da muka kwato daga ƙasa. Ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Rabin gwangwani kika ɗauka, wanga kika maido?"

Na ce saura ya maƙale a ɗankwali da gindin tukunya. Na ce ai a Bilma ma haka ake yi, rana ce ke ƙafar da ruwa a ramuka gishiri ya fito. Nan ta gyara zama. Ta ce ita za a gaya wa gishirin Balma? Tun tana yarinya Buzaye ke kawo shi bisa raƙuma, beza na miya, kantu na dabbobi, kuma ko makaho ya san bambancinsu. Ta ƙara duba nawa ta tura mini faifan da ƙafa.

"Wanga kantu ne. Kai ma awaki, kar ki kusanto min da shi tukunya."

Na kai musu. Farar akuyar ta lashe takardar har ta cinye gefenta. Littattafai 58 na nan a kan tabarma ban duba ko ɗaya ba, kuma Inna ta ce in tuna ɗankwalin nata ne.