Sunan da ya dawo mini a Biremen

A Zariya, tun daga ranar sunan ɗana na fari, sunana na yanka ya ɓace daga bakin mutane. Maƙwabta da dangin miji, har da abokan aikina na asibiti, duk suka koma kira na Maman wane, ni kuwa da kunyar ɗan fari ta hana ni kama sunan yaron, sai na wayi gari ina amsa sunan da ni kaina ba na furtawa. Ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin asara ba, domin a gidanmu girma ne, kuma macen da ake kira da sunanta tsirara bayan shekara goma da aure, kowa ya san abin da ya sa. Mace ɗaya ce irin wannan a danginmu, wato Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi aure uku ba ta taɓa ko ɓari ba, kuma ita aka bai wa riƙona tun daga yaye.

Na sauka a Jamus a watan Satumba na 2019, ina riƙe da hannun yaron yana da shekara uku, na tarar da maigidana wanda ya riga mu zuwa birnin Biremen da shekara guda. Abu na farko da ƙasar ta yi mini shi ne mayar mini da sunana. Yana rubuce a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙa, da shi ake kira na a ofishin baƙi da wajen likita. A ranar farko ta ajin koyon Jamusanci malamar ta ce kowa ya gabatar da kansa, ni kuwa na fara da cewa ina da ɗa guda, mijina injiniya ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ta ji labarin mutum biyu, saura na ukun. 'Yan ajin suka yi dariya, na taya su, amma a cikin taragon komawa gida na yi ta neman abin da zan faɗa game da kaina wanda bai ratsa ta kan wani ba, abin da na samu kuwa bai cika jimla uku ba.

Haihuwata ta biyu ta zo a 2021, lokacin da annobar korona ta toshe hanyoyi, saboda haka Inna ba ta samu zuwa ba. Babu wankan jego da ruwan zafi da ganyen darbejiya, babu kunun kanwa, babu tsohuwar da za ta karɓi jaririya ta ce in je in kwanta. Ungozomar da inshorar lafiya ke biya ce take zuwa gida, kusan kullum a kwanakin farko, ta auna yarinyar, ta duba cibiya, ta tambaye ni ko ina samun barci, ta tafi. Ba zan ci amanar gaskiya ba, hukumar ƙasar nan tana yi wa mai jego abin da ban taɓa gani ba. Doka ta hana a sa mace aiki har mako takwas bayan haihuwa, kuma tun 2007 ake biyan iyaye kusan kashi biyu cikin uku na albashinsu idan suka zauna reno, daga Yuro 300 zuwa 1,800 a wata, har tsawon wata goma sha huɗu idan uba ma ya karɓi rabonsa. Ni da ban fara aiki ba na samu mafi ƙarancin. Ga kuɗin yara da ake turowa kowane wata, wanda ya kai Yuro 250 ga kowane yaro a 2023. Abin da babu shi ne hannu. Wata rana a cikin tarago, jaririya tana kuka, babban yana neman zamewa daga kujera, na miƙa wa matar da ke kusa da ni yarinyar kamar yadda kowace mace za ta yi a motar Kano, sai ta janye jikinta tana kallona kamar na miƙa mata garwashi. A gida muna cewa ɗa na kowa ne. A nan ɗa na iyayensa ne da hukuma, kuma wanda ba ya cikin waɗannan biyun yana ganin rashin ladabi ne ya taɓa shi.

Bayan na ci jarrabawar harshe aka kuma amince da takarduna na jinya, na fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi, yarinyar kuma ta shiga gidan renon yara, wanda a nan ake kira Kita. A wurin aikin na haɗu da matar da ta sa nake wannan rubutu. Ta girme ni da kusan shekara goma, ta fi kowa sanin aikin, kuma ita ta koya mini yadda ake juya tsohon da ya fi ni nauyi ba tare da na ji wa bayana ciwo ba. Wata rana muna shan shayi a lokacin hutu na tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce ba ta da ko ɗaya. Tausayi ya kama ni, na dafa hannunta, na haɗa 'yan kalmomin da nake da su na ce kada ta fid da rai, Allah zai ba ta nata. A Zariya wannan ita ce magana mafi daɗi da za a faɗa wa mace irinta. Ta zare hannunta a hankali ta ce ba jira take yi ba, tun tana da shekara ashirin da 'yan kai ta yanke cewa ba za ta haihu ba, mijinta ma ya sani kafin su yi aure, kuma ta gaji da mutanen da ke yi mata jaje kan abin da ba ta rasa ba.

A ranar na koyi cewa Jamusawa suna da kalma biyu. Akwai kinderlos, wanda ba shi da ɗa, akwai kuma kinderfrei, wanda ya zaɓi zama babu ɗa kuma yake ganin hakan sarari ne ya samu. Hausa tana da juya, tana da mai wabi wadda take haihuwa suna mutuwa, amma ban san wata kalma da muke da ita ga macen da lafiyarta ƙalau, ga miji ga abin hannu, ta ce ba ta so ba. Kuma irinta ba ɗaiɗaiku ba ne a nan, domin kusan mace ɗaya cikin biyar tana wuce shekarun haihuwa ba ta da ɗa, ko da yake ba duka ne da gangan ba.

Rigimar gaske ta tashi ne a kan jadawalin aiki na watan Disamba na 2023. Gidan tsofaffi ba ya rufewa, dole wani ya kwana da su a daren Kirsimeti, al'adar da aka saba kuwa ita ce a fara duba masu ƙananan yara. Da shugabar sashe ta karanta sunayen, abokiyar aikin tawa ta ajiye alƙalaminta ta ce shekara ta huɗu ke nan a jere ana sa ta. Ta ce duk ranar da Kita ta rufe saboda ƙarancin ma'aikata, ko zazzaɓi ya kama ɗan wata, wayarta ce take ƙara da asuba, kuma ba a taɓa tambayarta ko tana da abin yi ba, kamar dai wanda bai haihu ba lokacinsa na kowa ne. Tana da uwa mai shekara tamanin da wani abu a wani ƙauye kusa da Oldenburg, tana da miji, tana da ƙungiyar mawaƙan coci da take zuwa duk mako. Wata mai 'ya'ya uku ta mayar mata da cewa 'ya'yan da ake ƙorafi a kansu su ne za su biya kuɗin fanshonta, su kuma juya ta a gado idan ta tsufa. Daga nan murya ta tashi, har wani tsoho ya leƙo daga ɗakin cin abinci.

Na yi shiru a taron, amma raina yana tare da mai 'ya'ya ukun, kuma hujjarta ba ta banza ba ce. Tsarin fanshon Jamus tun 1957 ya ginu ne a kan cewa masu aiki a yau su ke biyan tsofaffin yau, don haka idan ba a haifi masu aikin gobe ba, tukunyar za ta ƙafe, ga shi kuma matsakaicin haihuwa a ƙasar bai kai ɗa ɗaya da rabi ga kowace mace ba. Sai dai bayan kwana biyu abokiyar aikin nan da ba ta haihu ba ta nuna mini takardar albashinta kusa da tawa. Tun 2005 duk wanda ya kai shekara 23 ba shi da ɗa yana biyan ƙari a inshorar kula da gajiyayyu, bayan hukuncin da kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta yanke a 2001 cewa renon yara shi ma gudummawa ne. Daga Yulin 2023 ƙarin ya kai kashi 0.6 cikin ɗari na albashi, ni kuwa da nake da biyu har ragi aka yi mini. Ta ce ba ta ƙin biya, kuma ba ta ƙin harajinta ya gina Kita, abin da take ƙi shi ne bayan ta biya a ci gaba da kallon ta a matsayin mai cin bashin da ba ta niyyar biya.

Aikin da nake yi ma bai bar ni na riƙe hujjar tawa da ƙarfi ba. A sashenmu akwai tsohuwar da ta haifi huɗu, hotunansu sun cika bango, amma sai a yi wata biyu babu wanda ya tako, akwai kuma wadda ba ta taɓa haihuwa ba, tsohuwar malamar makaranta, wadda kusan kowace Lahadi sai wani ya zo ya tura kekenta zuwa lambu. Ba ina cewa haka abin yake kullum ba, domin akwai 'ya'yan da ke zuwa kowace yamma su ba uwarsu abinci a baki. Amma ni da aka rena da cewa haihuwa ita ce rumbun tsufa, na ga rumbun da aka buɗe aka tarar babu komai a ciki. Ita ma uwar a nan ba ta tsira daga baki ba: idan ta koma aiki da wuri akwai masu kiran ta Rabenmutter, wato uwa irin ta hankaka mai watsar da 'ya'yanta, idan kuma ta zauna a gida a ce ta zubar da iliminta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Angela Merkel da ta shugabanci gwamnati daga 2005 zuwa 2021 ba ta haihu ba, amma laƙabin da 'yan ƙasar suka ba ta shi ne Mutti, wato Mama, alhali dokar biyan iyaye kuɗin reno ta fito ne daga hannun ministarta Ursula von der Leyen mai 'ya'ya bakwai.

Ni na je na sami shugabar sashe na ce a sa ni a daren Kirsimeti, tunda ba bikina ba ne, kuma na ji kunyar cewa shekarar da ta gabata na karɓi hutun ban ko yi tunanin wanda ya tsaya a madadina ba. Da ƙaramar Sallah ta faɗo ranar Laraba, 10 ga Afrilun 2024, abokiyar aikin tawa ce ta karɓi aikina na safe ba tare da na roƙa ba. Ba mu zama aminai ba. Har yau ba ta taɓa ɗaukar 'yata ba, kuma idan na fara labarin yara nakan ga idonta ya koma kan agogo. Ni ma har yau ban fahimci zaɓinta ba, kuma da 'yata za ta girma ta faɗa mini irin wannan magana, na san zan yi kuka. Sai dai ita kaɗai ce a wurin aikin take tambayata yaushe zan shiga kwas ɗin kula da raunuka da na daɗe ina ambata, kuma ita ta ajiye mini takardar neman shiga a cikin akwatina.

Da na ba Inna labarinta ta waya, salati ta yi ta ce, «Allah ya shirye ta, ke dai ki kama kanki, kada zama da su ya sa ki tsaya a biyu.» Na tuna mata cewa Nana A'isha ba ta haihu ba, kuma ita ce Uwar Muminai, har alkunyarta ta Ummu Abdullahi daga ɗan 'yar'uwarta ta samo ta. Inna ta ce in daina haɗa wanda Allah bai ba shi ba da wanda ya ce ba ya so, kuma a nan ban sami abin mayar mata ba.

Bayan haka na kira Gwaggo. Ita ta yi mini kitso, ita ta sayar da awakinta biyu ta biya kuɗin makarantar jinya, ita ta zauna da ni kwana arba'in a haihuwar fari, duk da haka na girma ina jin matan gida suna rage murya idan za a yi maganar haihuwa a gabanta, ni ma na koyi yi mata wannan tausayin ban taɓa tambayar ko tana buƙatarsa ba. Bayan mun gaisa na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, «Gwaggo, don Allah ki gafarce ni, ke kin so haihuwa kuwa?» Ta yi shiru har na duba wayar ko layin ya yanke. Can ta yi 'yar dariya ta ce shekararta saba'in da wani abu, an kai ta wurin malamai da masu magani tun daga Zariya har Bida, ta sha rubutu da saiwoyin da ba ta san adadinsu ba, amma ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba sai yau. Na ce to ga shi na yi. Ta kira ni da sunana na yanka, kamar yadda take yi tun ina ƙarama, ta ce katin wayata zai ƙare a banza, in ba ta yaran su gaisa.