Daga Garwa zuwa Yawunde a bayan shanun Kawu

Shekaranjiya na dawo gida, har yanzu in na kwanta sai in ji kamar gadon yana rangaji da ni. Kawu ne ya aike ni. Yana da shanu da za a loda a tarago daga Ngaundere zuwa Yawunde, yaron da ya saba yi masa wannan hidima kuma yana jinya, sai ya ce in je in tsaya a kansu. Ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba sai wannan karo, tunda mu a Garwa, can arewacin Kamaru, dogo bai iso mana ba.

Hanyar Ngaundere kowa ya san ta, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A wani shinge wani mai kaki ya leƙo motarmu yana karɓar katin shaida. Akwai wani dattijo kusa da ni, gemunsa fari fat, ya ɗan jima yana laluben aljihu. Da ya miƙa, mutumin ya fizge, ya duba gaba da baya, bai ga laifi ba, sai ya jefar masa a ƙasa. Dattijon ya sunkuya ya ɗauka, bai ce uffan ba. Ni kuwa har muka hau Falez, hawan dutsen nan da ke kafin Ngaundere, zuciyata tana tafasa. A unguwarmu yaron da ya yi wa sa'an kakansa haka, kafin magariba an kai ƙararsa gida.

Sanyin Ngaundere ya ba ni mamaki. Garin yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, ga shi na taso daga zafin Garwa da 'yar taguwa ɗaya. Dole na nemi rigar sanyi a wajen masu gwanjo. Yaron ya ce sefa 4,000, na taya 1,000, muka yi ta ja har muka daidaita a 1,500. Da a kasuwarmu ne, da rabin haka na saye ta, don ba mai nemanta.

Mai masaukina tsohon abokin Kawu ne, a unguwar Baladji yake zaune, ba nisa da tasha. Da na ambaci otal sai ya ɓata fuska: "Ɗan Alhaji ya kwana a otal ina raye? Ajiye jakarka, yaro." Matarsa, Inna, ta kawo tuwon masara da miyar yakuwa, nama har ya fi miyar yawa, ga kindirmo mai kauri irin wanda sai a Adamawa. Kwana huɗu na yi a gidan, ko kuɗin mashin ba su bar ni na biya ba.

Mai masaukin nawa, wanda nake kira Baba, tsohon ma'aikacin dogo ne. Ya fara aiki a zamanin Regifercam, lokacin da jirgin yake hannun gwamnati, ya yi ritaya bayan kamfanin Camrail ya karɓa a 1999. Washegari da sassafe ya ja ni zuwa ɓangaren kaya, kuma a nan idona ya buɗe. Ni a da in an ce jirgi, fasinja nake hangowa. Ashe jirgin fasinja ɗan ƙaramin abu ne a cikin sha'anin. Ga ɗaurin auduga an jibge kamar gidaje, wasu na Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, wasu sun fito daga Cadi, duka suna jiran tafiya tashar jiragen ruwa ta Duwala. Ga kwantenoni a jere, ga taragun man fetur, ga 'yan dako suna sauke shinkafa da fulawa da sukari da takin zamani, gumi yana zuba a jikinsu duk da sanyin nan. A waje tireloli ne iya ganinka, direbobin Cadi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motocinsu suna dafa shayi suna jiran takardunsu su fito. Larabci, Fulatanci, Hausa, Faransanci, duk a fili ɗaya. Baba ya dube ni ya ce, "Ka gani? Fasinja baƙo ne a kan dogon nan. Kaya su ne masu gida."

Audugar ce ta fi taɓa ni. Motocin da ke ɗauke da ita ta gaban shagonmu suke wucewa kowace kaka, ban taɓa tambayar ina suke kai ta ba. Layin ya iso Ngaundere a 1974, kilomita 622 daga Yawunde, kuma a nan ya tsaya cik har yau. Duk abin da zai wuce Garwa ko Marwa ko Kuseri ko Injamena, sai an sauke shi an sake lodawa a mota, wasu kuma su bi ta Tuboro zuwa Mundu. Kuɗin dako, kuɗin mota, kuɗin shingaye, duk a kan buhun suke hawa, mu ne kuma muke biya a kasuwa. Na tambayi farashin shinkafa a nan, irin wadda muke saya, na ga bambancin da idona. Tun ina yaro nake jin za a ja dogon zuwa Cadi. Wallahi da an yi, da talakan arewa ya samu sauƙi.

Da dare Baba ya yi ta ba ni labarin aikin. Layin guda ɗaya ne, faɗinsa mita ɗaya, jirage biyu ba sa giftawa sai a tasha. Don haka direban jirgin kaya yakan yi awoyi a wata 'yar tasha a tsakiyar daji yana jiran wanda ke tahowa ya wuce. Shi Baba da juya layi ya fara, daga baya ya koma haɗa taragu, aikin da ya ce in hankalinka ya tafi gida na ƙiftawar ido, to hannunka ne zai biya. Akwai masu bin dogo a ƙafa suna duba ƙusoshi, musamman da damina lokacin da ruwa ke cin ƙasar da ke ƙarƙashin ƙarfen. Ya ƙirga mini sallolin da ya yi ba a gida ba, Inna tana gefe tana gyara masa lissafi. Ya ce lokacin da Camrail ya karɓi jirgin daga hannun gwamnati an rage ma'aikata da yawa, cikinsu har da abokansa. Kamfanin da ya fi hannun jari a Camrail ma ya sauya, tunda kamfanin Bolloré na Faransa ya sayar wa kamfanin jiragen ruwa na MSC harkarsa ta sufuri a Afirka a 2022, yanzu AGL ake ce mata. Da zance ya kai ga hatsarin jirgin fasinja da aka yi a Eseka a 2016, inda mutum 79 suka rasu, sai muryarsa ta yi ƙasa, ya yi musu addu'a, muka shafa.

A rana ta uku layinmu ya zo. An duba takardar likitan dabbobi, an zuba yashi a taragon don kada shanun su zame, aka yi ta kora su ciki da ihu da sanda. Samari biyu ne 'yan rakiya, tare da shanun suke tafiya, aikinsu su tayar da duk wadda ta kwanta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Kuɗin da ake ba su bai kai wahalarsu ba, na kuma faɗa wa Kawu haka da na dawo.

Ni na bi jirgin fasinja na dare. A kowace tasha mata da yara suna bin tagogi da zuma da ayaba da bobolo, wato dafaffen ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye. Na sayi zuma lita biyu a Ngaundal a kuɗin da ba zai ba ni lita ɗaya a Garwa ba, kuma ba gauraye. A Belabo na ga taragun gungumen katako, kowane gungume ya fi tsayina kauri.

Da hantsi muka shiga Yawunde. Na sauka a unguwar Briketeri cikin 'yan'uwa Hausawa, tsire da tsada, gaisuwa a gaggauce. Shanun sun iso lafiya, sai guda ɗaya da take ɗingishi, aka sayar da su a kasuwar shanu ta Etudi cikin kwana biyu.

Da na dawo Ngaundere na tarar da Baba a bakin tasha yana jirana, riƙe da ƙwaryar man shanu da Inna ta ce in kai wa Kawu.