Yadda lamba 4,294,967,297 ta hana ni barci

Ƙanena ne ya jawo min, yana SS2, ya rubuto lambar nan a bayan littafinsa ya ce Yaya wannan firaim ce ko a'a, wato irin lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Na ce ba ni minti goma. Wallahi har aka yi sallar isha'i aka rufe gida ina kai.

Na fara da masu sauƙi. Ƙarshenta 7 ne, kenan mara ce, 2 da 5 sun fita. Na tara alƙalumanta suka ba ni 59, kenan 3 ma ba ta shiga. Na ɗauko kalkuletar shago ashe alƙalami takwas kawai take ci, ita kuwa goma gare ta, dole na koma ta waya ina danna 7, 11, 13, 17 ɗaya bayan ɗaya ina kallon saura, idona har ruwa yake, na kai 97 ba ko ɗaya da ta shiga, zuciyata ta fara ce min ai firaim ce kawai ka faɗa masa. Nan ne na kusa cutar yaron, don kafin ka yanke wannan hukunci sai ka gwada har 65,536, lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta kusa kai tawa, kuma firaim 6,542 ne a ƙasa da nan. Ni 25 kacal na taɓa.

Da safe na lura idan ka cire 1 za ka samu 4,294,967,296, wato 2 sau 2 sau 2 har guda 32. Ashe lambar tana da dangi. Wani masanin lissafi, Fermat na Faransa, tun 1640 ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537, wato 2 sau 2 har guda 1, 2, 4, 8 da 16 a ƙara 1, duk firaim ne, ya ɗauka ta gaba ma haka take, ta gaban kuwa ita ce wannan tawa. Sai 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya fasa ta. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar rage wahalar: duk firaim da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 a ƙara 1. Da na bi wannan hanyar 193, 257, 449 da 577 suka ƙi, ta biyar 641 ta shige ba saura, 641 sau 6,700,417. Gwaji biyar jama'a, bayan na ɓata dare guda don ban tsaya na tambayi asalin lambar ba kafin na hau rabawa.

Ita 6,700,417 ɗin ma firaim ce, kenan duk girman lambar nan masu raba ta huɗu ne kawai, kuma har yau ba a sake samun wata firaim a dangin ba bayan 65,537. Na ba ƙanen nawa biro na ce ya ninka su da hannu ya gani da idonsa, ya yi kuskure a layi na biyu, ya sake, ta fito cif.