Asabar a bakin tafki: ranar da masara ta ba ni kifin farko

Yau ce fitata ta huɗu da sandar fatsa, kuma yau na fara riƙe kifin kaf, wanda Turawa ke kira carp, a hannuna. Ina rubutun nan ƙarninsa bai gama barin yatsuna ba.

Na isa tafkin gari bai gama wayewa ba. Koto iri huɗu ne a jakata, don daren jiya na kasa tsayar da shawara: gwangwanin masara mai zaƙi, gutsuren burodi, tana cikin ƙasa mai danshi, sai fakitin boili, wato dunƙulen nan da ake kwaɓa gari da ƙwai a dafa har bayansa ya yi tauri. Boilin na fi sa wa rai. Duk inda na leƙa a intanet shi ake yabo, kuma hujjar gaskiya ce: saboda taurinsa ƙananan kifaye ba sa iya tsattsage shi, sai ya kwanta a ƙasan ruwa awa da awanni yana jiran babba. Na ɗaura mai faɗin milimita 15, na jefa, na watsa kusan guda talatin a kewaye, na zauna.

Awa uku ko motsi zaren bai yi ba.

Can gefen bado akwai wani dattijo da na ga ya ciro biyu ya mayar. Na tashi na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah me kake sa musu?" Ya buɗe tafin hannunsa, sai ga ƙwayoyin masara. Ya tambaye ni abin da na zuba a ruwa, na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, sa hannunka ka ji ruwan nan. Da wannan sanyin, ko sun zo wurinka ka riga ka ƙosar da su kafin su kai ga ƙugiya."

Wannan maganar ta zauna mini. Jikin kifi yana bin zafin ruwa ne; idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, kaf yana rage ci sosai, abincin ma ba ya narkewa da wuri. Ni kuwa na yi masa shimfiɗar abincin da sai lokacin zafi zai iya cinyewa.

Sai ya nuna mini abin da idona ya tsallake tun safe. Kusa da gaɓa, bai fi taku biyar ba, ƙananan kumfa suna tasowa a jere, ruwan wurin ya ɗan gurɓace. Kaf ne yake tonon laka. Yana da gashin baki guda huɗu da yake lalube da ɗanɗano da su, ya zuƙi laka da duk abin da ke ciki, ya tace, ya furzar da wanda bai yi masa ba. Babu haƙori a bakinsa, a maƙogwaro suke, can yake murƙushe abu mai tauri. Wannan zuƙa da furzarwar ce ta sa a ƙarshen shekarun 1970 Lenny Middleton da Kevin Maddocks a Ingila suka ɓullo da dabarar rataye koto a ɗan siririn zare ƙasa da ƙugiya, ta yadda idan kifin ya furzar, ƙugiyar da ke tsirara ta kama leɓensa. Haka na ɗaura boilina, ɗaurin bai da laifi. Wurin da na jefa ne babu kifi, koton kuma ya yi yawa.

Na dawo kusa da kumfar. Ƙwayar masara biyu na soka a ƙugiya, na bar tsininta a waje kamar yadda ya nuna mini, na watsa ƙwayoyi goma kacal. Masara tana da abu uku da mai koyo ke buƙata: launinta na rawaya yana fitowa fili a kan baƙar laka, tana da laushi da zaƙi, kuma ba ta cika cikin kifi da sauri. Aibinta ɗaya, ƙananan kifaye ma suna sonta. Sau biyu na ciro ƙugiya wayam. Na gwada tana, nan take wani ɗan mitsitsin kifi ya haɗiye ta. Tana kowa na so, shi ya sa ba ta zaɓar maka wanda kake nema.

Burodin ban taɓa shi ba, na fi son ajiye shi sai ruwa ya ɗumama, lokacin da kaf ke tasowa sama yana tsotsar ɓawon da ke yawo. Amma ba na raina shi. Da burodi Richard Walker ya kama kaf mai fam 44, kusan kilo 20, a tafkin Redmire na Ingila a 1952.

Wajen sha ɗaya zaren ya miƙe a hankali, sannan ya ja da ƙarfi har sandar ta lanƙwashe. Zuciyata ta buga. Kifin ya nufi bado, dattijon yana cewa, "Kada ka ja, ɗana, ka bi shi, ka ɗaga sanda!" Da ya gaji na jawo shi cikin koma. Zai yi kilo uku, ɓawon jikinsa manya-manya masu ruwan zinariya, leɓensa mai kauri yana buɗewa yana rufewa, ƙugiyar a gefen baki daidai. Na jiƙa hannuwana kafin na taɓa shi don kada in goge santsin da ke kare fatarsa, na zare ƙugiyar, na riƙe shi cikin ruwa har ya kaɗa wutsiya ya tafi.

Kafin mu rabu na ce masa ina son gwada aya, tunda ƙananan kifaye ba sa iya cinta. Ya tsaya ya dube ni sosai. Ya ce busasshiyar aya ko busasshiyar masara ba a jefa ta ruwa haka nan, domin tana kumbura a cikin kifi, tana iya kashe shi. Sai an jiƙa ta awa 24 aƙalla, a tafasa minti 30.

Ga ayar can a roba, na zuba mata ruwa tun da na dawo. Gobe da yamma zan tafasa. Fakitin boilin na ɗaure bakinsa na sa a firji.