Mun zo da ɗakinmu

Kalma huɗu na faɗa a zauren yayan matata, su ne suka cinye min tankin mai ɗaya da rabi da kwana huɗu, suka kuma hana ni ganin Rijiyar Kusugu. Har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na ajiye alli bayan shekara 35 ina koyarwa, aka biya ni ɗan abin da aka biya, sai na sayi wata tsohuwar bas Hiace da ta gaji da jigilar fasinja tsakanin Ringim da Kano. Mutanen ƙauyenmu sun ɗauka haya zan saka ta. Sai ga shi na kai ta wajen mai walda an ciccire kujerun baya, an ƙera gado, kafinta ya buga akwatuna a ƙarƙashinsa. Hajiya ta ɗinka labule, muka ɗaura gidan sauro, muka saka tukunyar gas, jarkoki uku na ruwa, kula, buta biyu da fitila mai sola. Yaran unguwa suka raɗa mata suna tafi-da-gidanka.

Niyyata biyu ce. Na ƙarar da ƙuruciyata ina zana wa 'yan firamare Dam ɗin Tiga a allo ban taɓa ganinsa da idona ba. Ita kuma Hajiya danginta sun warwatsu daga Gumel har Rano, wasu rabonta da su tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowa ya san zumuncin mota ya yi tsada, don haka na zauna da biro da takarda na lissafa komai: mai, abinci, faci, har kuɗin bakanike. Abu ɗaya ne ban saka a lissafi ba.

Mun tashi cikin sanyin Janairu. Gumel lafiya lau, a harabar makarantar wani tsohon abokin aikina muka kwana. Ranar Alhamis muka ci kasuwar Maigatari, inda Hajiya ta tsaya ta saki baki tana kallon raƙuma da shanun da ake shigowa da su daga Nijar, ni kuma ina ta jan ta kada a tattake mu. Daga nan muka bi ta Malam Madori zuwa Haɗeja, na tsaya na yi mata dogon bayani kan yaƙin 1906 da Turawa, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Ta ce, "Malam, ka yi ritaya fa." Muka sayi busasshen kifi muka wuce.

Dare na biyar muka sauka a ƙauyen Yaya, can gaba da Haɗeja ta wajen Kirikasamma. Shi ne babba a ɗakin su Hajiya, shi ya aurar min da ita bayan rasuwar mahaifinsu. Tun da rana aka yanka ɗan akuya. Bayan isha'i aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da ta ji man shanu, muka ci a zaure da shi da dattawan unguwa huɗu. Da hira ta yi nisa sai ya miƙe ya ce, "Malam, taso in nuna maka makwancinka." Ashe turakarsa ya bar mana. An share, an yi sabon daɓe, an shimfiɗa zanin gado da ko wankin fari ba a yi masa ba, ƙamshin turaren wuta har zaure. Shi kuwa ya kai tabarmarsa ɗakin samari.

Ni da kaina, da bakina, a gaban dattawan nan, na ce, "Haba Yaya, kada a wahalar da kowa. Mun zo da ɗakinmu."

Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa. A raina ina ganin na sauƙaƙa wa dattijo, kuma, in faɗi gaskiya, akwai ɗan alfahari da motar. Zauren ya yi tsit. Yaya ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, madalla. Allah ya tashe mu lafiya." Da ina da wayo da a nan na gane. Maimakon haka sai na aiki yaro cikin gida ya kira min Hajiya. Wato na fito da ita daga gidan ubanta, daga cikin matan yayanta, ta zo ta kwana a titi. Ta shigo motar ba ta ce min uffan ba, ta juya fuska bango, in dai ana kiran ƙarfen mota bango.

Da asuba duk wanda zai je masallaci sai ya wuce ta gefenmu. Ban tsaya nan ba. Gari na wayewa na sauko da tukunyar gas na ɗora ruwan shayi a ƙofar gidan, yara sun kewaye ni suna kallo, daidai lokacin da wata yarinya ta fito da kwanon koko da ƙosai da aka aiko mana. Ta tsaya, ta dubi butar shayina, ta juya ciki da kwanon.

Da za mu tafi Yaya bai rako mu ba. Aka ce ya tafi fadama.

Na ɗauka abin zai wuce. Muka je Baturiya, kuma duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya daure ya je cikin hunturu, lokacin da tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai suke sauka a dausayin. Mun shiga kwalekwale, mai tuƙin yana nuna mana yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A hanyar fita muka kafe a yashi, sai da samari shida suka tura mu bayan na rage iskar tayoyi. A tafi da shebur da katako biyu, kada kuma a yarda da mai babur idan ya ce hanya lafiya, don shi ko'ina lafiya ne a wurinsa. Wannan duk ƙaramin abu ne, awa biyu ya ci mana. Abin da ya dame ni shi ne duk tsawon yinin Hajiya ba ta ce tsuntsu ko ɗaya ya yi kyau ba.

Muka bi ta Kafin Hausa da Jahun zuwa Dutse, muka sayi dabino, muka isa Birnin Kudu wajen Gwaggonta. Labari ya riga mu zuwa. Ko ruwa ban gama sha ba tsohuwar ta sa aka kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, me Babba ya yi maka?" Na ce babu komai. Ta ce a can garin magana biyu ake yi: wasu na cewa ya hana ƙanwarsa da mijinta ɗaki, wasu na cewa mu ne muka ga gidan bai kai mu kwana ba, har abincinsu muka ƙi. Mutumin da ake kai wa ƙarar rabon gado, yanzu ya kasa zama a majalisa. "Kai da ka koyar da 'ya'yan mutane, ba ka san baƙo ba ya zuwa da shimfiɗarsa gidan surukai ba?"

Washegari na je kallon zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude, abin da na daɗe ina marmari, amma ina tsaye gaban jan zanen nan maganar Gwaggo ce kawai ke yawo a kaina. Na kira Yaya sau uku, wayar na shiga ba a ɗauka.

Hajiya ce ta yanke. Ta ce, "Malam, ko ka juya da ni, ko ka saka ni a motar haya." Muka juya. Duk hanyar da muka baro muka sake bi, da ƙwaryar goro da ƙanin Gwaggo a kujerar gaba don ya yi mana jagora. Ina tuƙi ina kallon allurar mai tana sauka, ina cire Daura da Kazaure daga lissafi. Wannan karon tun daga bakin gari na nemi mai unguwa, na bar motar a filin makaranta, muka ƙarasa a ƙafa ɗauke da jakunkunanmu, kowa yana gani.

Na durƙusa na ba da haƙuri. Yaya ya bar ni a durƙushe ɗan lokaci, sannan ya ce, "Tashi, Malam. Ɗakin yana nan, ba wanda ya kwana a ciki." Kwana biyu muka yi a turakar. Akwai sauro, katifar ta lotsa a tsakiya, kuma duk abin da aka kawo na cinye har da suɗe kwano.

Daga nan na canza tsari. Motar ta kwanan hanya ce da wurin da ba mu da kowa, shi ma sai na gaida mai unguwa ya nuna mana inda za mu tsaya, don 'yan sintiri ba sa wasa da baƙuwar bas mai labule cikin dare. Garin da muke da ko ɗan'uwan kishiyar kaka ne, motar nesa take kwana, tukunyar gas kuma ba ta fitowa. A Wudil haka muka yi, a Rano ma haka. Na ga Tiga a ƙarshe, ruwa iya ganinka, aikin zamanin Audu Bako da aka kammala a 1974, kuma ya fi wanda nake zanawa a allo nesa ba kusa ba. Daga can kuɗin mai ya ce a koma gida.

Kafin mu bar garin Yaya a karo na biyu, shi da kansa ya ce a kai shi ya ga motar. Ya cire takalmi ya hau, ya buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya kwanta a gadon ya miƙe ƙafa. Ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce, "Ashe katifarka ta fi tawa laushi. Shi ya sa." Dattawan suka kwashe da dariya, ni ma na yi, ta dole. Yanzu in ya kira Hajiya a waya, kafin ya tambayi yara sai ya ce, "Ina mai ɗaki?"