Yadda bayana ya riƙe lokacin kwasar shinkafa

Bara bayan mun gama yankan shinkafa a fadamarmu ta wajen Auyo, ina ƙoƙarin cicciɓa buhu in ɗora kan kurar shanu sai na ji wani abu ya soke ni a ƙasan baya, daidai inda ake ɗaure tazuge. Wallahi kasa miƙewa na yi, a sunkuye yara suka kamo ni har gida. Kwana 11 ina kan katifa, sallah a zaune, ko juyi zan yi sai na cije baki.

Duk wanda ya zo dubiya da nashi maganin. Inna ta sa aka kira wanzami ya yi min ƙaho, wani ya ce sanyi ne, wani ya rantse basir ne, mai kemis kuma ya haɗa min ƙwayoyi kala biyar a leda ba suna ba komai, in na sha ya lafa in suka sake ni ya dawo, ga cikina ya fara ƙuna kamar na haɗiyi garwashi. Da na ga abin ba na ƙare ba ne na hau mota zuwa Kano, niyyata a yi min hoton baya a ga ƙashin da ya goce.

A asibiti sashen gashin ƙashi aka tura ni, inda ake magani da motsa jiki. Ma'aikaciyar ba ta fara da taɓa bayan ba, tambayoyi ta jero min, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe su. Fitsari ko bayan gida yana kuɓuce maka ko ya ƙi fita? Tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka jin taɓi? Ƙafa tana yin sanyi ta ƙi ɗaukarka? Akwai zazzaɓi, rama ba dalili, ko tsohon tari? Ka faɗo daga sama ko babur ya kayar da kai? Ta ce in da ɗaya daga ciki to a garzaya wajen likita ranar, don tarin fuka ma yana cin ƙashin baya. Ni duk babu. Ta sa na sunkuya, na taka da dunduniya, ta ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, Malam ba abin da ya goce, kwanciyar nan da ka yi ita ta ƙara sandarar da kai.

Gaskiya raina bai so ba, na kashe kuɗin mota a ce ko hoto ba za a yi ba. Sai daga baya na gane kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon baya irin wannan ne, ba wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ga ta, kuma galibi yana sauƙi cikin sati shida in mutum bai daina motsi ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, kuma a jagorar da ta fitar a 2023 kan wanda ya daɗe, motsa jiki da tausa ta ba da shawara, ba ta goyi bayan ɗaura bel ko ƙwayoyi irin su tiramadol ba, wanda mu nan shi matasa ke afawa kafin su shiga gona.

Abin da ta koya min tabarma kawai yake buƙata. In kwanta rigingine in jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji in riƙe ina numfashi a hankali, sai ɗayar. Sannan ina kwancen in lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, in ɗaga ƙugu sama in ƙirga biyar in sauke, sau goma, ranar farko uku na yi cinyoyina na rawa. Sai in juya rub da ciki in dogara da gwiwar hannu in ɗago ƙirji ƙugu na ƙasa, wannan shi ya fi min daɗi don mu kullum a duƙe muke, daga fartanya sai lauje, baya ya manta da lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren. Na ƙarshen in durƙusa kamar mai rarrafe in miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare. Ta ce ɗan zafi ba komai, amma in ya harba ƙasa zuwa ƙafa in tsaya in dawo ta gani. Da dare maiɗakina ta gasa min wajen da tsumma da ruwan ɗumi, da safe kuma tafiya, na fara daga ƙofar gida zuwa masallaci, cikin sati biyu ina kaiwa bakin gona.

Ita ma maiɗakin nawa ashe shekara da shekaru take fama ba ta faɗa, ga daka ga jan guga ga shara da guntuwar tsintsiya ga goyo. Yanzu tare muke yi bayan asuba kafin yara su tashi, na kuma sa an yi mata ɗan benci na wanki don ta daina tsayuwa a duƙe.

Bana wajen dashe ciwon ya so ya dawo min, na ji shi tun da hantsi. Ban kwanta ba, na rage aiki na kwana uku, ina miƙewa lokaci lokaci in dafe ƙugu in ɗan karkata baya, na ci gaba da tabarmata safe da yamma, rana ta huɗu na koma cikin ruwa da sauran. Buhu kam yanzu mu biyu muke kamawa.